Ƙuri'ar ɗan takara na uku ba asara ba ce, amma tana da sharaɗi

A duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, a Amurka ne ko a Najeriya, akwai maganar da magoya bayan manyan jam'iyyu biyu ba sa gajiya da maimaita wa duk wanda ya ce shi wani ɗan takara dabam zai dangwala wa: "Za ka yi asarar ƙuri'arka." Idan takarar ta yi zafi sai a ƙara da cewa mutumin nasa ɗan raba ƙuri'a ne, turo shi aka yi domin ya share wa abokin hamayya hanya. Ni a ganina wannan zargi an ɗora shi a kan wanda bai cancanta ba. Babu jam'iyyar da ke bin mai zaɓe bashin ƙuri'a, ita ce take nema a wurinsa. Abin da ke sa ƙuri'ar ɗan takara na uku ta tashi a banza abu biyu ne, wato dokar da ake ƙidaya ƙuri'u da ita, da kuma halin jam'iyyar da ta karɓi ƙuri'ar bayan an tashi daga rumfar zaɓe.

Babu misalin da masu wannan zargi suka fi kafa hujja da shi kamar zaɓen Amurka na shekarar 2000. George W. Bush na jam'iyyar Republican ya kayar da Al Gore na Democrat a jihar Florida da ratar ƙuri'a 537 kacal, bayan makonni ana sake ƙirga har sai da Kotun Ƙoli ta tsayar da aikin a watan Disamba, kuma da Florida ɗin Bush ya zama shugaban ƙasa. A wannan jiha ɗan takarar jam'iyyar Green, Ralph Nader, ya samu ƙuri'a sama da 97,000. Lissafin yana da sauƙi, shi ya sa yake shiga rai: da kaɗan daga cikin masu zaɓen Nader sun ba Gore, da tarihi ya bi wata hanya, wataƙila ma da ba a mamaye Iraƙi a 2003 ba. Ban ɗauki wannan hujja da wasa ba, domin rayukan mutane ne ke cikinta. Amma idan aka duba takardar sakamakon Florida da kyau, za a ga cewa hatta ɗan takarar da ya zo na ƙarshe a jerin sunayen ya samu fiye da 537, kuma Gore ya faɗi a jiharsa ta haihuwar siyasa, Tennessee, wadda da ya ci ta da ba ya buƙatar Florida ko kaɗan. A gundumar Palm Beach an tsara takardar ƙuri'a ta yadda ta rikita jama'a, har ɗimbin ƙuri'u suka faɗa wa Pat Buchanan a wurin da ba shi da magoya baya masu yawa. Zaɓen da aka rasa da 537 yana da dalilai goma, amma aka tsame guda ɗaya aka riƙe, saboda ya fi sauƙi jam'iyya ta zargi ɗan waje da ta binciki kanta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda aka gina zaɓen Amurka. Ba yawan ƙuri'un jama'a ne ke naɗa shugaba kai tsaye ba, wakilai 538 ne da aka raba wa jihohi, kuma sai ɗan takara ya samu 270. A duk jihohin, ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya ko da ratar ƙuri'a guda ce shi ke kwashe wakilan jihar baki ɗaya. Masanin siyasar nan ɗan Faransa, Maurice Duverger, tun a shekarun 1950 ya lura cewa duk inda ake zaɓe zagaye ɗaya kuma mai rinjaye ya kwashe komai, siyasa takan dunƙule ta koma jam'iyyu biyu, saboda masu zaɓe na tsoron taimaka wa wanda suka fi ƙi, 'yan siyasa kuma na tsoron tsayawa inda ba nasara. A 1992 attajirin Texas, Ross Perot, ya samu kusan kashi 19 cikin 100, wato ƙuri'a kimanin miliyan 19.7, amma bai samu wakili ko ɗaya ba. Mutum ɗaya cikin kowane biyar da suka fita zaɓe ya zaɓe shi, a ƙidayar da ke naɗa shugaba kuma aka rubuta masa sifili. Rabon da ɗan takara na uku ya ci wata jiha tun 1968, lokacin da George Wallace ya kwashe jihohi biyar na kudu da wakilai 46, kuma yana da kyau a tuna cewa manufar Wallace wariyar launin fata ce, don kada a ɗauka cewa duk wanda ya tsaya a wajen manyan jam'iyyu mutumin kirki ne.

To idan nasara ba ta samuwa, me ƙuri'ar ke saye? Tana sayen kunnen manyan jam'iyyu. Perot ya gina yaƙin neman zaɓensa a kan giɓin kasafin kuɗi da bashin da ke kan gwamnati, yana fitowa a talabijin da allunan lissafi yana bayani dalla-dalla. Bai ci ba, amma bayan zaɓen babu jam'iyyar da ta iya kawar da kai daga batun, kuma zuwa 1998 kasafin gwamnatin tarayya ya nuna rara. Ba shi kaɗai ya jawo haka ba, tattalin arzikin ma ya bunƙasa a shekarun, sai dai ɗan siyasa ba ya manta inda ƙuri'a miliyan 19 ta zube. Haka aka yi tun da can. Buƙatun da ƙananan jam'iyyun manoma da na ma'aikata suka riƙa yayatawa a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kamar harajin da ke ƙaruwa gwargwadon samun mutum da zaɓen sanatoci kai tsaye, manyan jam'iyyu ne suka ɗauke su daga baya suka mayar da su doka. Ita kanta jam'iyyar Republican an kafa ta ne a 1854 a matsayin sabuwar tafiya ta masu adawa da faɗaɗa bauta, kuma cikin shekara shida Abraham Lincoln ya ci zaɓe a ƙarƙashinta.

Misalin da ya fi kusa da zuciyar mai karatu shi ne na birnin Dearborn da ke jihar Michigan, inda Larabawa da Musulmi suke da yawa, kuma suka daɗe suna zaɓen Democrat. A zaɓen fitar da gwani na watan Fabrairun 2024, mutum sama da 100,000 a Michigan suka ƙi zaɓen Joe Biden, suka dangwala a gurbin da ke nufin ba su tare da kowa, domin nuna ɓacin ransu kan makaman da Amurka ke bai wa Isra'ila alhali ana ruwan bama-bamai a Gaza. Gargaɗi ne a fili, kuma an yi shi da wuri. Jam'iyyar ba ta sauya manufa ba, a babban taronta na Chicago ma ba ta bai wa Bafalasɗine ko ɗaya damar magana a kan dandamali ba. Da Nuwamba ta zo, a Dearborn Donald Trump ya samu kimanin kashi 42, Kamala Harris kashi 36, Jill Stein ta Green kuma kashi 18. Wanda ya rasa dangi a Gaza ko a kudancin Labanan, ka zo ka ce masa dole ya zaɓi gwamnatin da ta aika makaman saboda ɗaya ɓangaren ya fi muni, ba ka yi masa adalci ba ko da lissafinka daidai ne. Kuma a ƙarshe ƙuri'un Stein a Michigan ba su kai ratar da Trump ya bayar ba, ke nan ba su ne suka kayar da Harris ba. Abin da suka yi shi ne sun rubuta a takarda, da adadi, cewa akwai al'ummar da ba za a ci gaba da ɗauka a matsayin kayan aljihu ba.

Najeriya ta aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, kuma tun a zaɓen farko muka ga abin da jam'iyya ta uku, ko ma ta huɗu da ta biyar, za ta iya yi. Malam Aminu Kano bai zo kusa da cin zaɓen shugaban ƙasa a PRP ba, ƙuri'unsa sun taru ne galibi a Kano da Kaduna. Amma talakan da ya zaɓi PRP a shekarar bai yi asara ba, domin jam'iyyar ta kafa gwamnati a jihohin biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, kuma aka soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri da duka a kansa shekara da shekaru. Har rikicin nan na sha biyu da biyu bisa uku a kan Kano ya tsaya, domin doka ta ce sai ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, Alhaji Shehu Shagari kuwa ya samu a jihohi 12 cikin 19, a Kano kuma PRP ta hana shi kai wa rubu'in, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama. PRP ba ta faɗo daga sama ana jibi zaɓe ba. Tana da mutane a unguwanni da ƙauyuka waɗanda suka san junansu tun zamanin Sawaba, suna da abin da suke so a yi, kuma da suka samu ɗan iko suka yi shi.

A nan ne sharaɗin yake. Ƙuri'ar ɗan takara na uku tana da amfani ne idan akwai hannun da zai riƙe ta bayan zaɓe. A 2011 jam'iyyar CPC ba ta kai shekara uku da kafuwa ba, amma Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 12, Nuhu Ribadu na ACN ya samu kimanin miliyan 2, Malam Ibrahim Shekarau na ANPP bai kai miliyan ɗaya ba, Goodluck Jonathan kuma ya wuce da miliyan 22 da ɗoriya. A lokacin an ce 'yan adawa sun raba kansu sun ba PDP a ɓagas. Sai dai waɗannan alƙaluma su ne jarin da kowane ɓangare ya ajiye a kan tebur lokacin da aka zauna ƙulla APC a 2013, kowa ya san nauyinsa da na ɗan'uwansa, kuma a 2015 aka kayar da shugaba mai ci karon farko a tarihin ƙasar. Ko mutum ya ji daɗin abin da ya biyo baya ko bai ji ba, ƙuri'un 2011 ba su ɓata ba. Akasin haka shi ne 2019, inda mutum 73 suka tsaya takarar shugaban ƙasa, takardar ƙuri'a ta yi tsawon da sai an naɗe ta, kuma mafi yawansu ba su da ko kansila ɗaya ko wakili a rumfar zaɓe. Shekara guda bayan haka hukumar zaɓe ta INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74. Wanda ya bai wa irin waɗannan ƙuri'arsa ya faɗi abin da ke ransa, wannan haƙƙinsa ne, amma babu wanda ya ɗauki maganar ya kai ta gaba.

Zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Bola Tinubu na APC ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar na PDP 6,984,520, Peter Obi na Labour 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP 1,496,687. Tun daren da aka bayyana sakamakon 'yan PDP ke haɗa na ukun nan suna cewa ga miliyan 14 da rabi an watsar, tunda Obi da Kwankwaso duk daga PDP suka fita a 2022, Obi ma shi ne mataimakin Atiku a takarar 2019. Wannan lissafi yana ɗauka cewa masu zaɓe kaya ne da ake juyewa daga wannan buhu zuwa wancan. A duba Kano. A 2019 Buhari ya samu kusan miliyan ɗaya da rabi a jihar, Atiku bai kai 400,000 ba, alhali a lokacin Kwankwaso yana PDP yana yi masa yaƙi. A 2023 Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu ya tsaya a 517,341. Ke nan mafi yawan waɗanda suka dangwala wa kwandon kayan marmari ba daga ƙarƙashin lema suka fito ba, da yawansu masu tsintsiya ne jiya, kuma babu mai tabbacin inda za su faɗa da babu mai jar hula a takardar. Haka matasan da suka sa Obi ya kayar da Tinubu a Legas, ya kuma ci Abuja, da yawansu ba don PDP suka yi layin karɓar katin zaɓe ba. Sun fito ne don sun gaji da jam'iyyun biyu duka, kuma da an ce musu zaɓi tsakanin biyun ne kawai, da wasunsu sun yi zamansu a gida kamar yadda kusan kashi 73 cikin 100 na masu rajista suka yi.

Inda nake ganin laifin jam'iyyun nan na uku shi ne abin da suka yi da amanar da aka ba su. Labour ta samu ƙuri'a miliyan shida da gwamna ɗaya, Alex Otti a Abiya, da kujeru a majalisun tarayya, amma maimakon ta shiga mazaɓu ta kafa rassa, ta yi rajistar mambobi, ta horar da wakilan da za su kasa su tsare su raka, sai shugabanninta suka ɓuge da shari'ar wane ne halastaccen shugaban jam'iyya, 'yan majalisarta kuma suka riƙa sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya. NNPP ta ci gwamnan Kano, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta na shugaban ƙasa daga jiha ɗaya suka fito, kuma ita ma ta dare gida biyu. Jam'iyyar da duk ƙarfinta yake rataye a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya tashi sai ta zama kango. Saboda haka tambayar da mai zaɓe ya kamata ya yi ba ita ce ko ɗan takarar zai ci a wannan karon ba. Ya tambayi ko jam'iyyar ta tsayar da 'yan majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi, ko tana da ofis a garinsa da ake buɗewa ba a lokacin kamfe kaɗai ba, ko akwai wata manufa takamaimai da za a iya kama ta da ita. Mutanenmu sun iya siyasar wake da shinkafa, su zaɓi wannan a sama su zaɓi wancan a ƙasa, kuma ƙaramar jam'iyya mai hankali daga ƙasan take fara gini.

Sauran laifin na doka ne, kuma shi ne wanda za a iya gyarawa da alƙalami. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ya fi kowa yawan ƙuri'u, kuma ya samu rubu'i a kashi biyu cikin uku na jihohi, ya ci. Bai ce sai ya haura rabi ba. Shi ya sa aka rantsar da shugaba da kashi 36.6 cikin 100, da ƙuri'un da ba su kai ɗaya bisa goma na mutum miliyan 93 da suka yi rajista ba, kamar yadda Shagari ya hau da kusan kashi 34 a 1979. An tanadi zagaye na biyu a kundin, amma ba a taɓa kai wa gare shi ba. Maƙwabtanmu sun bi wata hanya. A Nijar, a 1993, Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, Mahamane Ousmane na biye da shi, sai jam'iyyun da suka zo baya, har da ta Mahamadou Issoufou, suka mara wa Ousmane baya ya ci a zagaye na biyu. A Ghana a 2008 Nana Akufo-Addo ya yi gaba a zagayen farko amma bai haura rabi ba, aka koma, John Atta Mills ya yi nasara da ƙaramar rata. A irin wannan tsari mutum yana zaɓen wanda yake so a karon farko ba tare da fargaba ba, a karo na biyu ya zaɓi wanda ya fi dama-dama, ɗan takara na uku kuma ya zama wanda ake zuwa gidansa neman sulhu a fili, da sharuɗɗan da magoya bayansa za su iya gani.

Ba na cewa zagaye biyu ba shi da aibu. A Faransa a 2002 masu ra'ayin gurguzu da 'yan'uwansu sun rarraba ƙuri'unsu har Firaminista Lionel Jospin ya faɗo na uku, aka bar jama'a da zaɓi tsakanin Jacques Chirac da Jean-Marie Le Pen. Ƙawancen da ya kai Ousmane mulki ma bai daɗe ba ya wargaje, rikicin ya kai ga juyin mulkin 1996. Akwai kuma batun kuɗi da tsaro, domin shirya zaɓe sau biyu a ƙasa mai rumfuna sama da 176,000 ba wasa ba ne. Jihar Maine a Amurka ta kauce wa komawa rumfa ta hanyar barin mai zaɓe ya jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku, idan gwaninsa ya faɗi sai ƙuri'ar ta koma ga wanda ya sa a baya, kuma tun 2020 take amfani da wannan a zaɓen shugaban ƙasa. Tsari ne mai kyau, sai dai a inda mutane da yawa ke gane jam'iyya da alamarta su dangwala yatsa, kuma ake ƙirga ƙuri'u da hannu a gaban jama'a, zai ƙara yawan ƙuri'un da ke lalacewa, ya kuma buɗe sabuwar ƙofar gardama a wurin tattara sakamako. Don haka ni zagaye na biyu na fi ganin ya dace da mu.

Majalisar Tarayya ba ta rabuwa da kwamitin gyaran kundin tsarin mulki, kuma gyara irin wannan yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da na majalisun jihohi 24 cikin 36. Manyan jam'iyyu ba za su kawo shi da kansu ba, domin tsoron asarar ƙuri'a shi ke riƙe musu mutanen da ba sa son su. 'Yan majalisar da suka shiga zauren a ƙarƙashin ƙananan jam'iyyu su ne ke da dalilin gabatar da ƙudurin da zai ƙara sharaɗin haura rabi a sashe na 134, a bar sharaɗin rubu'i a jihohi yadda yake, kuma mazaɓunsu na da damar tambayarsu dalilin da ya sa ba su yi ba.